Falon Ummu Midhat a Kan Dandamali

Mansura, 9 ga Janairu, 1985

Ƙanwata Awatif,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yan matanki na makaranta da sanyin duwatsun Yaman da kike ta kuka da shi. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwar hagu tana nan da halinta, ba ta ga-maciji da matakala. Dakta Fahim mai kantin magani na ƙasan benenmu ya ba ni wani man shafawa mai warin kananzir, ya ce in yi haƙuri, na ce masa tun kafin a yaye shi nake haƙuri. Ɗana Midhat da iyalinsa suna lafiya a Kuwait. Yana kira duk Juma'a ta wayar kantin, in sauka in tsaya tsakanin masu tari da masu ciwon ciki in ce masa lafiyata lau. A gidan waya kuma sun dame ni da tambayar mece ce ke a wurina da nake ta aika wasiƙa Yaman. In na ce kakarki da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne, sai su yi ta laluben zumuncin a sama.

Yanzu gyara zama. Falona ya bar gida.

Kin tuna littafin Bahija? Wanda aka hana mu karantawa muna 'yan mata, muka karance shi a ɓoye, har ke da kika zo bayanmu kika same shi a gidana duk ya yage lokacin da kike zaune wurina kina kwalejin malamai? Bahija da ke gidan yayanta cikin gata, ko tsawa ba a taɓa yi mata ba, amma ta tashi rana ɗaya ta ce za ta tafi Bur Sa'id ta yi aiki a ofishin waya ta kama ɗakinta. To, samarin garin nan sun mai da shi wasan kwaikwayo. Mai shirya musu wani Ustaz Wagdi ne, ma'aikacin ofishin ban-ruwa, dogo siriri kamar sandar rake. Ƙungiyarsu ko tabarma ba ta da ita. Duk abin da za a gani a kan dandamali daga gidan wani ake aro shi, haka suka saba.

Ya hawo har sama ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, yana haki.

"Ummu Midhat, an ce duk unguwar nan babu falo irin na da sai naki."

"Wa ya ce? Ai ba wanda ya taɓa ganinsa."

"Shi ya sa ake labarinsa, Hajja."

Na buɗe falon ne don in nuna masa abin ba mai yiwuwa ba ne. Na yaye zannuwan da ke kan kujerun, ruwan zinariyar ya fito yana walƙiya kamar jiya aka kawo ni. Ga kabad ɗin gilashi cike da tangaran ɗin da mahaifiyata ta tara mini, ko kofi ɗaya ba a taɓa kaiwa baki ba. Na tsaya ina tunani. An zauna a kujerun nan ranar da surukan Midhat suka zo ganin gida, sai kuma ranar da aka zo mini gaisuwar mijina marigayi Ra'afat. Sauran rayuwata duk goge su nake yi ina rufewa. Wallahi Awatif, sai na ji haushinsu ya kama ni. Na ce masa, "Ɗauki, har kabad ɗin."

Shekaranjiya masu dako suka zo da keken doki da rana tsaka. Duk unguwa ta fito baranda, har da masu jego. Ammu Bayumi mai gadinmu ya sha gabana a matakala, ido waje.

"Lafiya dai, Hajja? Ina za a kai su?"

"Inda za a kai su."

To me zan ce masa? In ce tsohuwa mai jikoki ta ba 'yan wasa aron kayan aurenta? Ai kafin la'asar labarin ya kai kasuwar kifi.

Yanzu ɗakin fili ne fetal. In na yi tari, tarin yakan dawo mini daga bango. Amma abin mamaki numfashina ya buɗe, kamar an sauke mini buhu daga ƙirji. Yau da safe na shimfiɗa darduma a tsakar ɗakin na sha shayina a ƙasa. Ashe tagar nan kogi take kallo, ni ban sani ba, kabad ya tare ta.

Ki rubuto da wuri, kuma ki cika takardar, ba irin gajerun nan naki na malaman makaranta ba.

Taki,
Insaf

*

Ibb, Yaman, 17 ga Fabrairu, 1985

Abla Insaf, yayata,

Wa alaikumus salam. Ina sumbatar hannunki, ina roƙon Allah ya sauƙaƙa gwiwa. Ni lafiya, sai ɗan tari na ƙurar alli. Wasiƙarki ta yi wata guda a hanya. Nan sai direban motar kaya ya ga dama yake hawo mana da jakar wasiƙu daga birni, wani lokaci tana ƙarƙashin buhunan albasa.

Abla, na karanta na sake karantawa, kuma ban yi dariya ba ko sau ɗaya, duk da na san don in yi dariya kika rubuta. Ni ce fa Awatif. Ni ce kika bi da tsintsiya har baranda don na ɗora littafi a hannun kujerar nan. Ni ce kike sa wa in cire takalmi tun daga ƙofa in zan wuce ta gefen falon, ba ma shiga ba. Yau ki ce mini wani dogon mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa, kin ce masa ɗauki har da tangaran ɗin mahaifiyarki? Ki gaya wa wata wannan labari, ba ni ba.

Na san ki da riƙe kai. Na san abin da marigayi ya bari ba ya kai ki ƙarshen wata yadda kaya suka yi tsada, na kuma san gara ki kwana da yunwa da ki buɗe baki ki tambayi ɗanki. Sayar da su kika yi, kika lulluɓe mini maganar da wasan kwaikwayo don kin san ina son littafin. Shi ya sa kika kasa amsa wa mai gadi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba kujerun ba ne. Cewa kika yi tarinki yana dawo miki daga bango, kina shan shayi a ƙasa ke kaɗai, wai numfashinki ya buɗe. Mace ba ta faɗin haka sai kuka ya ƙare mata. Na ajiye takardar na rasa inda zan sa kaina.

Don haka na yi abin da na san za ki yi fushi da shi. Na rubuta wa Midhat, na ba wani malami da ke wucewa ta Kuwait ya kai masa hannu da hannu. Na gaya masa mahaifiyarsa tana sayar da kayan ɗakinta, kuma zaman kaɗaici yana cinta. Ba kai ƙara na yi ba, Abla. Ɗanki ne, yana da haƙƙin ya sani, kuma ni ina nesa, hannuna ba ya kaiwa.

Ki yi fushin ki gama, na ɗauka. Gara ki zage ni kina cikin jikokinki da ki yabe ni kina zaune a ɗaki babu kowa.

Ƙanwarki,
Awatif

*

Mansura, 2 ga Maris, 1985

Awatif, 'yar halak,

Sallama da gaisuwa. Shiru har yau ban ga amsarki ba, amma ba zan jira ba, labari ya cika mini ciki. Lafiyata ƙalau. Gwiwa ma ta ji kunya ta rage, don yanzu ba ni da lokacinta.

Kin san ba zan bar kayana a hannun yara in zauna ba. Kwana biyu da ɗaukarsu na sa mayafi na bi su zauren da suke gwaji, da tsumman gogewa a jaka. Suna taruwa ne bayan an tashi daga aiki, kowa da gajiyarsa da gurasarsa a takarda. Ina shiga na tarar da wani Samir, malamin lissafi mai tumbi, wanda ke fitowa a matsayin yayan Bahija, ya faɗa kan babbar kujerata har sai da ta yi ƙara.

"Kai malam, a hankali! Kujera ce, ba jaki ba."

"Hajja, yayan Bahija mai gida ne, dole ya zauna da ƙarfi."

"Mai gida ne a wasa. Kujerar kuwa ba wasa ba ce."

Suka kwashe da dariya, aka ba ni benci da shayi, aka ce in zauna in yi gadin dukiyata. Na zauna, kullum ina zuwa.

Mai fitowa a matsayin Bahija wata Nahid ce, ma'aikaciyar jinya. Daga asibiti take zuwa, idanunta ja don rashin barci. Yarinyar tana da murya, amma mantuwa ta yi mata yawa. Ran nan aka zo wurin da Bahija za ta gaya wa yayanta za ta tafi, wurin da duk muke riƙe numfashi in mun zo shi a littafin. Nahid ta buɗe baki, babu komai. Ta tsaya tsuru-tsuru. Ban san lokacin da na ɗaga murya daga kan bencina ba: "Ba ka yi mini laifi ba, Yaya. So nake in kwana a bayan ƙofar da ni ke riƙe da makullinta."

Ustaz Wagdi ya juyo a hankali.

"Hajja, haddace littafin kika yi?"

"Ban haddace shi ba, ɗana. Shi ne ya shiga ya ƙi fita."

Ashe mai tuna musu magana an ɗauke shi soja. To ga ni, Insaf matar marigayi Ra'afat, na zama mai tuni. Akwai wani rami a bakin dandamali, da murfi a kansa kamar rabin ƙwarya. 'Yan kallo ba sa ganin wanda ke ciki, 'yan wasa kawai ke ganinsa. Nan nake zama da takardun wasan da 'yar fitila, duk wanda magana ta kuɓuce masa in raɗa masa. Mutum biyu ke zura ni ciki kamar guga, mutum biyu su jawo ni. Ki daina dariya, ina jin ki daga nan.

Daga ramin ƙafafun kujeruna nake gani, da wata ƙura a ƙarƙashinsu da tsummana bai taɓa kaiwa ba. Ina kallon mutane suna zama a kansu, suna faɗa, suna kuka, Samir yana ɗaga kofin mahaifiyata yana kurɓar ruwa a matsayin gahawa. Da farko zuciyata takan tsinke. Yanzu daɗi nake ji, kayan sun samu mutane.

Bari in gaya miki wani abu, kada ki gaya wa kowa. Jiya na makara, tukunya ta riƙe ni. Ina shiga Nahid ta taso da gudu ta kama hannuna, "Hajja, ina kika tsaya? Mun yi ta jiranki, ba mu fara ba." Awatif, sai da na juya baya na yi kamar ina neman tabarau a jaka. Tun rasuwar Ra'afat ba wanda ya jira ni a ko'ina.

Za a nuna wasan a farkon Mayu, kafin azumi. Da kina nan da na samo miki kujera a gaba.

Taki,
Insaf

*

Mansura, 24 ga Maris, 1985

Awatif,

Sallama. Ina lafiya, tunda dole a fara da haka.

Wasiƙarki ta iso ranar Laraba. Ranar Juma'a Midhat ya kira. Da ma sauran Juma'o'in na ji muryarsa wani iri, yana ta tambayata me na ci, na ɗauka kewa ce. Wannan karon ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Kantin cike yake da mutane, shi kuma kin san yadda yake ihu a waya kamar Kuwait a bayan duniya take.

"Mama, ki rufa mini asiri! Ina nan ina cin nama, uwata tana sayar da kayan aurenta tana zama a ƙasa?"

"Aro na bayar, ɗana. Wasan kwaikwayo ake yi."

"Wane irin aro? Abla Awatif ta rubuto, Ammu Bayumi ya gani da idonsa an loda a keken doki. Duk 'yan garinmu da ke nan sun ji. Na kasa ɗaga kai a masallaci."

"Na ce maka aro ne. Zo ka gani, ni ce ma mai tuninsu."

Sai ya sassauta murya, irin wadda ake yi wa mara lafiya. "Mama, in ma haka ne, ai abin ya fi muni. Ke da 'yan wasa? Kaɗaici ne ya fara taɓa ki. Laifina ne da na bar ki."

Sai ya gaya mini sauran. Kin san hayar gidan nan irin ta da ce, ba mai iya fitar da ni sai na fita da ƙafata, kuma Hajj Tulba mai benen ya daɗe yana jiran wannan ƙafa. Ɗansa Isam a Kuwait yake aiki, aurensa ya tsaya don babu inda zai sa amarya. Bayumi ya kai wa uban labari, uban ya kai wa ɗan, ɗan ya nemi Midhat a daidai makon da takardarki ta shiga hannunsa. Suka zauna a gaban dattawan garinmu da ke can, suka ɗaga hannu suka karanta Fatiha: bayan ƙaramar Sallah zan ba da makulli, Isam ya shiga da amaryarsa, ni kuma in koma Kuwait. Har an sa ranar biki a kan maganar ɗana. Wai an gyara mini gado a ɗakin yara.

"Mama, kin ji ni? Na ba da magana a gaban mutane."

Awatif, kullum ina cikin rami ina raɗa wa 'yar mutane yadda za ta ce wa yayanta a'a. Ni kuwa na tsaya riƙe da waya, Dakta Fahim yana yi kamar yana karanta kwalba. Ka ƙaryata ɗanka bayan ya karanta Fatiha? Na ce, "To." Abin da na ce ke nan.

Jiya matar Hajj Tulba ta hawo mini da farantin basbusa, wainar nan mai zaƙi, tana ta sa mini albarka. Kafin ta tafi ta ciro igiyar awo daga jaka, ta ce in ba zan damu ba za ta auna taga don labule. Na riƙe mata ɗaya bakin igiyar.

Kin ce in yi fushi in gama. Ba fushi nake yi ba, abin ya wuce nan. Na rubuta miki farin cikina, na farko a shekaru, kika karanta shi kika ga makoki. Me ya sa ba ki tambaye ni ba? Takarda ɗaya ce fa.

Insaf

*

Ibb, 28 ga Afrilu, 1985

Abla,

Sallama. Ban san ko ina da bakin tambayar lafiyarki ba, amma ina tambaya.

Wasiƙunki biyu a jaka ɗaya direban ya kawo su. Na fara buɗe ta farko a tsakar makaranta. Na yi dariya har 'yan mata suka leƙo ta taga, da na zo inda ake zura ki a rami kamar guga. Kafin in kai ƙarshenta dariyar ta tsaya, don na gane gaskiya kika faɗa tun farko, na kuma tuna abin da na aika Kuwait. Ta biyun a ɗaki na karanta ta. Ban shiga aji ba ranar.

Kin tambaye ni me ya sa ban tambaye ki ba. Na yi ta juya tambayar, ga abin da na samu. Ɗakina yana bayan makaranta, gado ne da risho da akwati. Bayan la'asar garin nan yakan mutu, maza sun tafi taunar ganyensu, mata sun rufe ƙofa. Daga ƙararrawar tashi zuwa ta safe ba na buɗe baki da kowa. Wani lokaci nakan gaida risho don in ji ko muryata tana nan. Ni ce nake shan shayi a ƙasa, Abla, kuma ba kogi a tagata, bangon dutse ne. Da na karanta ɗakinki babu kaya, nawa na gani. Na ɗauki ciwona na ɗora miki, na kira miki likita. Ni nake so wani ya zo ya ce in tattara kayana in taho gida, sai na aika a ce miki.

Ban san yadda ake gyara wannan ba. Zan iya rubuta wa Midhat in ce ƙarya na yi, in ce hankalina ne ya taɓu, duk abin da kike so. Amma wannan karon ba zan rubuta wa kowa ko harafi ba sai kin ce.

Abu ɗaya kawai zan faɗa, in kin ga rashin kunya ce ki yafe. Fatihar nan ba kya cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Sallah ba ta zo ba tukuna, makullin yana jakarki.

Ki gaya mini yadda wasan ya kasance, ko da a layi ɗaya ne, ko da ba ki yafe mini ba.

Awatif

*

Mansura, 12 ga Yuni, 1985

Ƙanwata Awatif,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Gwiwa ta dawo da rashin kunyarta, in ban da ita lafiya nake. Ki nemi zuma ki sha don tarin nan, an ce ta can tana da kyau. Na yafe miki tun kafin in kai ƙarshen takardarki. Wanda ke gaida risho ba a riƙe shi a zuciya.

An yi wasan, zauren ya cika har ana tsaye. Samir ya manta magana sau da yawa na cece shi. Amma da aka zo wurin Bahija da yayanta, na buɗe baki zan raɗa, Nahid ko kallon ramin ba ta yi ba. Ta faɗe shi tsaf, mata suka yi ta tafi, wata a baya ta rangaɗa guɗa. Bahija ta ɗauki akwatinta ta tafi tashar jirgi, aka ja labule. Ni ina ƙasa ina tunanin gadon da aka gyara mini a ɗakin yara.

Juma'ar da ta biyo na sauka kantin tun kafin waya ta yi ƙara. Na shirya, har na gwada a gaban madubi. Yana gama gaisuwa na ja numfashi na ce, "Ba ka yi mini laifi ba, Midhat. So nake in kwana a bayan ƙofar..." Sai wata mata da ke jiran maganin ɗanta, ashe ta kalli wasan, ta ƙarasa mini da ƙarfi, "...da ni ke riƙe da makullinta!" Kantin ya ɗauki dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Mama, me ke faruwa a nan? Wasan kwaikwayo kike yi mini?"

Maganar littafi ta gudu ta bar ni. Na juya wa mutane baya na ce, "Midhat, ba zan zo ba."

"Na karanta Fatiha da mutumin nan!"

"Ni ban karanta ba."

"An sa ranar biki. Kin san abin da za a kira ni? Yaron da uwarsa ta ƙaryata."

"Na sani, ɗana. Ka ce musu tsohuwar ce ta rikice, ka ɗora mini duka, zan ɗauka. Amma gidana ne, a nan zan zauna."

Sannan ya ce, "Shi ke nan, Mama. Allah ya ba ki lafiya." Ya ajiye. Ba wanda ya sake dariya a kantin.

Tun ranar bai kira ba. Juma'a nakan sauka in ce man shafawa na zo saya, Dakta Fahim ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, in ɗan tsaya, in hau. Matar Hajj Tulba ba ta amsa sallamata. Bayumi ya daina hawo mini da tukunyar gas, wai bayansa. An ɗaga bikin Isam. Ran nan na haɗu da yarinyar da zai aura a bakin titi, ta kalle ni idonta ya ciko, ta sunkuyar da kai ta gaishe ni da ladabi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi mini komai ba, kuma ni na tare mata hanya, wannan ba zan yi miki ƙaryar ba ya damuna ba.

Ƙungiyar ta watse, kowa ya koma aikinsa, sai wata shekara in Allah ya kai mu. An dawo mini da kaya. Nahid ta zo sau ɗaya da dabino, ta yi alkawarin dawowa, amma yarinya ce mai aiki, ban riƙe ta da alkawarin ba. In an kira magariba nakan sha ruwa ni kaɗai, ina jin ƙarar cokula daga gidajen maƙwabta. Marubucin littafin nan wayo ya yi da ya tsaya a tashar jirgi. Bai gaya mana wa ya gaida Bahija ranar Sallah ba.

Kada ki rubuta wa Midhat. Tsakanina da shi ne, ba na son ɗan aike. Ni za ki rubuta wa, ki cika takarda da labarin ɗakinki da bangon dutsenki, kada ki gyara komai don in ji daɗi. In kin zo hutu ki sauka a wurina ki kwana biyu, mu yi ta surutu har muryarki ta dawo, sannan ki tafi gidanku. Ban ƙi zama da ɗana don in zauna da ke ba.

Na san za ki tambaya ko na yi nadama. Ina kewarsa, Awatif, kewar da ban yi ba ko lokacin da ya fara tafiya. In ya kira jibi ya ce in taho, amsata ba ta canja ba. Amma kullum a sujada roƙona ɗaya ne, Allah ya sa ya kira, ko da don in sake ce masa a'a.

Taki,
Insaf